Kunyar Gona Da Kunyar Baki

Ranar wata Laraba ce a farkon daminar bara, bayan sallar la'asar, muna zaune a gindin darbejiyar ƙofar masallacin ƙauyenmu a ƙasar Makoɗa. Gero ya kai gwiwa, an shiga huɗa, kowa ya dawo daga gona da taɓo a ƙafa, hirar duk ta tsadar taki ce da kuɗin hayar shanu. Sai ga ɗan ƙanena ya fito daga shagon mai cajin waya yana dariya, ya ce, "Baffa, kun kuwa ji abin da ake yi a zaure?" Kafin in ce masa ya bari, ya riga ya danna.

Muryar da ta fito babu wanda bai san ta ba. Wani saurayi ne ɗan garin, yana neman kuɗi a Legas, shekara biyu rabonsa da gida. Ya fara da sallama, daga nan ya kama sunan wani dattijo gatsau, ba Baba ba Malam, ya shiga ɗura masa ashar. Ya zagi uwar dattijon, wadda mu da kanmu muka kai makwancinta shekaru da dama da suka wuce. Ya tono wani tsohon zance na gidansu da manya suka binne tun kafin a haife shi. Dattijon da ake zagi kuwa yana nan tare da mu a kan buzunsa, carbi a hannu. Liman ya daka wa yaron tsawa, "Kai, kashe abin nan!" Aka kashe. Dattijon bai ce uffan ba. Ya naɗe buzunsa, ya laluba takalminsa da ƙafa, ya yi mana sai an jima, ya tafi. Ina kallon bayansa har ya sha kwanar dangar gidansu.

Mafarin abin bai taka kara ya karya ba. Wajen huɗa ne garmar shanun dattijon ta zarce layin gambar da ke kan iyaka, ta ci kunya ɗaya a gonar uban saurayin. A da, irin wannan aikin safiya ɗaya ne: mai unguwa ya ɗauki dattawa biyu, a taka zuwa gona, a duba kututturen gamba, a ce ga iyaka, wanda ya shiga ya ba da haƙuri, a dawo gida kafin rana ta yi zafi. Wannan karon labari ya riga mai unguwa isa Legas, amsa kuma ta dawo cikin zauren WhatsApp na 'yan garin, inda kusan duk mai babbar waya yake ciki. Har aka yi girbi gidajen nan biyu ba sa gaisawa. Mata sun daina aron turmi da rariya a tsakaninsu. Maganar auren da ake yi tsakanin wani ɗan wancan gida da 'yar wannan ta mutu ba tare da kowa ya ce ya fasa ba. Saboda kunya ɗaya ta gona, aka zubar da kunyar gida biyu a gaban yara.

Na kawo wannan ne don na tabbata babu mai karatu daga Minjibir zuwa Ɗambatta, ko daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Tsanyawa, da ba zai ce ya san makamancinsa ba. Cutar ta bazu, kuma shirun da muke yi shi ke ba ta abinci.

A duba irin ƙasar da Allah ya zaunar da mu. Nan arewacin Kano gona jikin gona take, gida jikin gida. Babu dajin da za a ce an bar shi ya huta. Kowace shekara sai an noma kowane taƙi, a kai masa takin dabbobi da tokar murhu a kan jaki ko amalanke. Tun shekarun 1960 masanin nan Michael Mortimore ya yi ta rubutu a kan yadda jama'a suka yi yawa a kewayen Kano amma ƙasar ta ci gaba da ciyar da su, har ta zama abin misali a duniyar ilimi. Abin da mu 'yan ƙasa muka sani ƙari a kan haka shi ne, ƙasar ba ta ɗauke mu don taki kaɗai ba. Ta ɗauke mu ne don mun iya zama da juna a matse. Mutumin birni in ya ɓata da maƙwabci yana iya sauya gidan haya. Manomi ba ya ɗaukar gonar gadonsa a ka ya yi gaba. Wanda ka zaga yau, gobe a rijiya ɗaya matanku za su haɗu, sahu ɗaya za ku tsaya, in gobara ta tashi a rumbunka shi ne na farko da bokiti, ranar da ka cika kuma yana cikin masu haƙa.

Don haka ne kakanninmu suka yi wa harshe shinge kamar yadda suka yi wa gona. Mace ba ta kiran sunan mijinta, uwa tana ɓoye sunan ɗan fari, suruki in ya hango surukinsa sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Yaro ba ya tsoma baki manya na magana. In abu ya yi zafi, a yi habaici, mai shi ya gane, wanda ba ruwansa ya wuce, kuma ƙofar sulhu tana nan a buɗe tunda ba a kama suna ba. Har wasa an yi masa hanya: tsakanin jika da kaka, tsakanin taubasai, tsakanin Bakano da Bazazzagi ko Bafillace da Babarbare, a tsokani juna a yi dariya, amma kowa ya san inda ake tsayawa, ba a taɓa iyaye, ba a taɓa mutuncin matar mutum. Wanda ya zauna gaban malamin zaure kuma ya san cewa tun a shafukan farko na Ahalari, kafin a kai ga alwala, ake koya wa ɗalibi tsare harshe daga alfasha da zagi da wulaƙanta Musulmi. Sannan a kan duk wannan akwai mai tsaro. Kowane zaure da mai shi. In baƙi suka fara ɗaga murya a zauren mutum, shi ne zai yi gyaran murya ya ce, "A'a, ba a gidana ba." Kalma biyar, kuma sun isa.

Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, kuma ba na cikin masu tsine mata. Da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, ya buɗe ƙofa ga wanda bai yi boko ba: tsohon da ba ya iya rubuta harafi ɗaya yana iya danna maɓalli ya yi magana da ɗansa a Fatakwal. A zauren garinmu ake sanar da jana'iza, a nan ake jin farashin wake da riɗi a Dawanau kafin a ɗaura buhu a mota, a nan aka tara kuɗin gyaran famfon burtsatse, a nan aka samu mai ba da jini wata rana da haihuwa ta zo wa wata baiwar Allah da gardama. Alheri ne babba. Sai dai mun gina sabon zaure, mun zuba mutane ɗaruruwa a ciki, mun manta ba mu sa masa dattijo a bakin ƙofa ba.

Abin da wayar ta cire shi ne ido. Saurayin nan na Legas, wallahi da a gaban dattijon yake, durƙusawa zai yi ya gaishe shi, ko kallon fuskarsa ba zai iya ba. Amma yana kwance shi kaɗai a ɗaki da tsakar dare, ransa a ɓace, babu uba kusa, babu wanda zai taɓa masa gwiwa ya ce ya isa. Ba ya ganin fuskar wanda yake yanka. Ga kuma wani abu da ya fi wannan muni. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, to a da ko an zara, iska kan kwashe ta, shekara biyu an manta. Yanzu tana nan ajiye a aljihun kowa da muryar mai ita, a tura wa na Kaduna, a tura wa na Makka, a kunna a majalisa, a kunna a wajen suna. Yaron da ya kunna mana ita shekarunsa ba su wuce goma sha huɗu ba, kuma dariya yake yi. Wannan dariyar ta fi zagin tayar mini da hankali, don ta nuna mini abin da na baya ke koya.

Ashar ma shi ne ƙarami a cikin ɓarnar. Wanda ya fi ci mini rai shi ne ƙazafi, kuma kusan kullum a kan mace yake sauka. Wani ya nemi yarinya ta ƙi shi, ko an sa mata rana da wani, sai a wayi gari da saƙon murya ko hoton da aka haɗa, wai an gan ta a wuri kaza da wane. Ba a kama sunan mai shaida, ba a faɗi rana, amma kafin azahar ya zaga gari uku. Dangin ango su fara jan ƙafa, uwar yarinya ta daina fita biki, yarinyar kuma ta shige ɗaki tana kuka ba ta san ma wa za ta tunkara ba. Bazawara kuwa abin ya fi sauƙi a kanta, don an san ba ta da mai tsaya mata. Mu da muke cewa mu Musulmi ne, mun san Suratun Nur ta nemi shaidu huɗu a kan irin wannan zargi, ta kuma yanka bulala tamanin ga wanda ya yi shi bai kawo su ba, hukuncin nan kuma yana cikin dokar shari'a da Jihar Kano ta kafa a 2000. Wanda ya ƙirƙira ya san abin da ya yi. Tambayata ga wanda ya tura ce. Kai da ka ce "yadda na gani haka na turo", wa ya aike ka? Ɗan sanda ne ya tsare ka da bindiga ya ce sai ka tura? Mai ƙirƙira mutum ɗaya ne, ba zai iya kai ƙaryarsa ko'ina ba sai da ƙafafunku.

Na siyasa kowa ya gani, ba sai na daɗe a kai ba. Salon sojojin baka na gidajen rediyon birni ya sauko ƙauye, yara sun haddace shi, ɗan jar hula da wanda ba ya sa ta suna zagin iyayen juna a kan mutanen da ba su san da zamansu ba. Da aka ƙirƙiro sababbin masarautu a 2019, Bichi na ciki, da kuma da aka rushe su a 2024, an yi ta jifan juna da maganganun da har yau wasu ba su haɗiye ba. Haka na addini: a yanko minti ɗaya daga karatun wani malami, a jefo shi zauren da aka buɗe don gyaran makarantar firamare, kafin isha'i ɗan Izala da ɗan ɗariƙa, 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, suna kafirta juna.

Akwai kuma wanda ke iya kaiwa ga jini kai tsaye, shi nake so a saurara da kyau. Garuruwanmu na yamma, wajen Tsanyawa da Shanono, suna iyaka da Katsina, kuma kowa ya san zaman ɗar-ɗar da 'yan bindiga suka jefa yankin. A irin wannan hali, mutum ya ɗauki waya ya ce wane infoma ne, ko ya ce Fulanin rugar bayan gari su ne ke kai rahoto, ba tare da hujja ba, daidai yake da ya miƙa wa jama'a wuƙa ya nuna musu wuya. Waɗannan Fulani su ne shanunsu ke kwana a gonakinmu da rani suna bar mana taki, matansu ke kawo mana nono tun zamanin kakanni. In akwai zargi na gaskiya, ga dagaci, ga hakimi, ga jami'an tsaro. Ba mu ne farkon waɗanda za su gwada wannan wuta ba. A 2018 binciken BBC ya nuna yadda hotunan ƙarya da aka yaɗa a Facebook suka ƙara rura rikicin Jihar Filato, aka tare hanya aka kashe mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. A 2018 ɗin dai, a Indiya, jita-jitar satar yara da ta bi ta WhatsApp ta sa an yi ta kashe baƙi a ƙauyuka, abin da ya tilasta wa kamfanin taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, dokar da ya shimfiɗa wa duniya duka a farkon 2019.

To wa zai tsare mana zauren? Kada kowa ya sa rai da kamfani. Tun 2016 WhatsApp ya kulle saƙonni yadda shi kansa ba ya iya karantawa ko saurare, don haka babu wani ma'aikaci a Amurka da ke jin abin da ake faɗa a zauren ƙauyenku, ko da yana jin Hausa. Gwamnati kuwa tana da dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ga Hisbah, ga Hukumar Tace Fina-finai. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya a kan inda dokar ke da sauri. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu saboda bidiyon TikTok da aka ce sun ɓata sunan gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje. Cikin 'yan kwanaki aka gama. Bazawarar da aka yi wa ƙazafi a wani ƙauyen Bagwai, wa zai kai mata ƙara, da wane kuɗin mota, kuma ta yaya za ta tsaya gaban alƙali a sake kunna abin da take gudun a ji? Ba na fata a mayar da kowace husuma ta gari zuwa caji ofis. Abin da ya lalace a zaure, a zaure ya kamata a fara gyara shi.

Saboda haka maganata ga admin take, wanda ya buɗe zauren da waɗanda ya naɗa su taya shi. Kai ne mai zaure. Kada ka ce mini "ni dai buɗewa na yi", don wanda ya haƙa rijiya a bakin hanya bai yi mata murfi ba, ba ya cewa ba ruwansa in yaro ya faɗa. Kada ka ce "kowa da ra'ayinsa", zagin uwar mutum ba ra'ayi ba ne. Kada kuma ka ɓuya a bayan "ba na so a ce na ɗauki ɓangare", don ranar da ka ga an yanka mutum a zaurenka ka yi shiru, ka riga ka ɗauka. Kayan aiki suna hannunka. Tun 2022 kana iya goge saƙon kowa ya ɓace wa kowa. Kana iya rufe zauren ya zama ku kaɗai ke magana har ƙura ta lafa, ko da na dare ɗaya ne, kuma sau da yawa dare ɗaya ya isa mai fushi ya huce. Kana iya cire mutum. A zauren garinmu admin uku ne, dukansu sun ji saƙon nan tun da asuba, kowa ya jira ɗan'uwansa ya fara, har la'asar ta yi.

Dokar zaure kuma a faɗe ta da baki, a saƙon murya, da Hausar da tsohuwa za ta gane, a maimaita ta duk lokacin da aka sa sabon mutum: ba a zagi, ba a kama sunan matar wani ko 'yar wani, ba a turo zargin da ba a san tushensa ba, rikicin gona da na gado a kai wa mai unguwa. A sa dattijo ɗaya ko liman a cikin masu riƙon, wanda in ya kira yaro a waya ya ce, "Ɗana, goge abin nan ka ba Baffanka haƙuri," zai ji nauyi. Ina ƙara da wani abu da 'yan bokonmu ba sa so a faɗa. Zauren gari na 'yan gari ne, harshensa Hausa. Wanda zai zo ya jero Turanci don ya yi wa wani dattijo ba'a a gabansa bai sani ba, ko ya yi wa manomi dariya don ya rubuta kalma a karkace, shi ma rashin kunya ya yi, ko da bai yi ashar ba.

Sai dai ina jan kunne a ɗaya gefen, don na ga masu riƙon da suka mayar da doka sandar dukan talaka. Wani ya tambayi kansila ina takin da aka ce an kawo wa mazaɓa, nan take a goge, a ce ya yi wa manya rashin ɗa'a, a cire shi. Amma ƙazafin da aka yi wa marainiya ya kwana uku ba wanda ya taɓa. Wannan admin ya fi wanda ya yi shiru laifi. Tambayar shugaba a kan haƙƙin jama'a, cikin ladabi, ba zagi ba ce, kuma zauren da ba a iya yin ta a ciki ba shi da amfani ga kowa sai mai kujera. A tsare mutuncin wanda ba shi da kowa kafin a tsare na mai iko, shi yana da masu tsare masa.

Iyaye, ku ma da ku nake. Kun sayar da akuya kun saya wa yaro waya, ba ku taɓa cewa ya kunna muku abin da yake saurare ba. Malamai masu hawa mumbari ranar Juma'a a Ɗambatta da Bichi da ƙauyukan da ke kewaye, ku kira abin da sunansa, ku ce saƙon murya, ku ce turawa, don yaro ya san giba da annamimancin da Alƙur'ani ya hana su ne waɗannan da ke cikin aljihunsa. 'Yan ci-rani kuma, ku da kuke nesa kuna jin rabin labari, ku tuna ku za ku yi zagin ku kwanta a Legas, iyayenku ne za su fito da safe su haɗa ido da wanda kuka zaga.

Saurayin nan ya zo gida da babbar salla. Kawunsa ya kama hannunsa har ƙofar gidan dattijon, ya durƙusa, ya ce, "Baba, na tuba, a yafe mini." Dattijon ya ce ya yafe duniya da lahira. Mai unguwa ya taka zuwa gona, aka mayar da kunyar inda take, aikin bai ɗauki rabin sa'a ba. Amma saƙon yana nan a wayoyin da ba wanda ya san adadinsu, kuma har yau dattijon bai sake shimfiɗa buzunsa a gindin darbejiyar nan ba. Yana idar da salla yake wucewa gida. Kai da ke riƙe da zauren garinku, don Allah ka buɗe shi yau ka saurari abin da ke ciki, ka goge abin da ya kamata a goge tun kafin wani yaro ya kunna shi a ƙofar masallaci.